Sadaka, Sadaki, Sa-ɗaka

Aikin da malaminmu ya ba mu kafin hutu mai sauƙi ne a baki. Kowa ya koma garinsu, ya sami tsoho ko tsohuwa, ya naɗi muryarsu a salula, ya tattaro sunayen dangantaka: yadda ake kiran ƙanin uba, yayar uwa, matar wa, ɗiyar kishiyar uwa, har ƙarshe. Ya raba mana takarda da za mu zana bishiyar gida a kai, kusurwa uku ga namiji, da'ira ga mace, layi biyu a tsakaninsu alamar aure. Na ce a raina kwana biyu ya ishe ni. Ina karatun kimiyyar harshe a Yamai, gidanmu yana Maraɗi, kakata ta wajen uba tana Tibiri, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a roƙonta magana.

Kwana uku da saukata na hau kabu-kabu na nufi Tibiri. Ina sallama ta ɗago kai daga kan tabarma.

"A'a, kishiya! Kin zo ƙwace mini miji? Kin makara, ya daɗe a ƙasa."

Haka take kirana tun ina rarrafe, kamar yadda kowace kaka take wasa da jikarta. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goron da Baba ya ba ni, na kunna salula. Muka fara daga Alhaji, kakana, wanda ya yi fataucin gyaɗa da bisashe, ya rasu shekara biyu kafin a haife ni. Na zana masa kusurwa uku a tsakiyar takarda. Kaka ta lissafo matansa huɗu, ita ce ta biyu, na zana da'ira huɗu, kowace da layinta biyu. Ta lissafo ƴaƴan kowane ɗaki ba tare da ta tsallake ko wanda ya rasu a goye ba. Da muka gama sai na ga Babanmu na Jiratawa bai shiga ba, alhali ƙanin Baba ne, da shi aka raba gado, kuma duk sallah a gidanmu yake cin tuwo.

Na ce, "Kaka, Baba na Jiratawa fa? A wane ɗaki zan sa shi?"

"Ɗan Baƙuwa na."

Inna Baƙuwa tana can bakin murhu a lokacin, tana tankaɗe. Tun da na yi wayo a wannan gida na san ta. Ita ke tashi da asuba ta hura wuta, ita ke ba mu fura idan mun zo hutu, ita muke aike ta miƙo mana ruwa muna ƴan shekara bakwai. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ake ce wa matar da ta tsufa a gida baƙuwa ba. Na ɗauki biro zan ƙara da'ira ta biyar da layinta biyu, sai Kaka ta dafa mini hannu.

"Kak ki sa mata layi. Ba matatai ba ta."

"To mece ce?"

Ta dubi salula, ta dubi bakin murhu, ta rage murya.

"Sa-ɗaka ta. Alhaji ya sawo ta wajen Madawa, shekarad da Kunce ya hau. Yunwa aka yi. Ke dai kin cika tambaya."

Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu 1974. Na yi lissafi a kaina a kan hanyar komawa, babur yana ta tsalle a ramuka: idan shekarunta sun ɗan wuce sittin yanzu, to ba ta fi sha uku ba a lokacin.

Da dare na kasa barci, kuma abin kunya, ba tausayi ne ya fara hana ni ba, kalmar ce. Halin ɗalibin harshe ke nan, a jefe shi da dutse ya tsaya duba irin dutsen. Sa-ɗaka harɗaɗɗiyar kalma ce irin su dafa-duka da fasa-ƙwauri da hana-salla: aikatau a gaba, abin da aka yi wa ko inda aka yi a baya. A sa, a ɗaka. Babu sunan mai sawa, babu ta wadda aka sa, sai aikin kawai da wurin. Tana da maƙwabta biyu a kunne. Sadaka, wadda ake bayarwa don Allah, da sadaki, wanda ake ba mace don aure ya tabbata. Waɗannan biyun daga Larabci muka aro su, kuma saiwarsu ɗaya da kalmar gaskiya, wadda ta ba mu sunan Siddiƙu. Ta ukun kuwa tamu ce, a gida aka ƙera ta. Abin da ya raba ta da sadaka a rubuce bai wuce ɗan lanƙwasar da ke kan ɗ ba.

Da na shiga intanet neman kalmar, sai na tarar lanƙwasar ta faɗi. Takardun Faransanci da na Ingilishi duk sadaka suke rubutawa, saboda injin da aka buga su da shi ba shi da ɗ. Bahaushen da ya karanta a gurguje sai ya ɗauka kyauta aka yi da yarinya don neman lada. Kuma duk inda na bi, suna ɗaya nake cin karo da shi: Hadijatu Mani.

Na taɓa jin sunan a lakkol, a darasin da ba a tambaya a jarrabawa. Ban san labarin dalla-dalla ba sai a wannan dare, shi ya sa zan ba ku shi yadda na tsince shi, don na tabbata da yawanmu haka muke.

A 1996 aka sayar da ita, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa. Wanda ya saye ta, Alhaji Sulaiman Naruwa, mutumin yankin Ƙwanni, yana da shekara 46 da mata huɗu. A can ana kiran wannan al'ada wahaya, Faransanci kuma ya yi mata laƙabi da mace ta biyar, ko da kuwa ita ce ta takwas. Ta yi shekara tara tana aikin gida da na gona, yana kwana da ita ba da yardarta ba tun ba ta cika sha uku ba, ta haifa masa ƴaƴa. A 2003, shekarar da aka haife ni, Nijar ta shigar da bauta cikin dokar manyan laifuka, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta shiga ƙauyuka tana sanar da mutane. Ranar 18 ga Agusta 2005 Alhajin ya ba ta takardar ƴantawa, da sa hannun maigari. Da ta ɗaure kayanta za ta tafi sai ya tare ƙofa, ya ce baiwa ya ƴanta, amma matarsa tana nan.

Ku lura da abin da ya yi. Shekara tara ba matarsa ba ce, don kada ta shiga lissafin huɗu, kada ta nemi rabon kwana, kada a ba ta sadaki. Ranar da kalmar baiwa ta zama mai kai mutum gidan kaso, sai ya sauya mata suna. Ɗakin bai sauya ba.

Ta kai ƙara kotun al'ada ta Ƙwanni. A watan Maris 2006 alƙali ya ce babu aure a tsakaninsu, tun da ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a nemi yardarta ba. Ashe kalmata ta biyu ce ta tsaya mata. Amma babbar kotun Ƙwanni ta rushe wannan hukunci bayan wata uku. Ana cikin kai da komo ta auri mutumin da take so, sai Alhajin ya kai ƙararta da laifin da takardun kotu suke kira bigamie, wato aure kan aure. A watan Mayu 2007 aka yanke mata wata shida, ita da mijinta da ɗan uwanta. Ta yi wajen wata biyu a gidan kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta sa a sake ta. A duk wannan shari'a, wadda aka saya ita ta fara kwana a bayan ƙarfe.

Daga nan lauyoyinta, da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, suka kai gwamnatin Nijar gaban kotun CEDEAO. Mazaunin kotun Abuja ne, amma alƙalan suka taso suka zauna a Yamai a watan Afrilu 2008 don su saurare ta. Ranar 27 ga Oktoba 2008 suka ce an bautar da ita, kuma ƙasa tana da laifi, domin alƙalanta sun ji da kunnensu an ce wannan baiwa ce, suka wuce kamar ba su ji ba. Ta nemi diyyar miliyan 50, aka yanke mata miliyan 10, gwamnati ta biya. A watan Maris 2009 aka karrama ta a Amurka, ta tsaya tsakanin Hillary Clinton da Michelle Obama aka ɗauki hoto.

A nan yawancin masu ba da labarin suke shafa fatiha. Ni kuwa abin da ya biyo bayan hoton ne ya riƙe ni har aka kira assalatu.

A 2009 kotun Ƙwanni ta yanke wa Alhajin shekara 1. Ku ajiye ta kusa da shekara tara, ku ajiye ta kusa da 10 zuwa 30 ɗin da doka ta ambata. A watan Disamba 2010 aka yi dokar yaƙi da fataucin mutane, daga baya aka kafa hukumar da za ta kula da ita. Sai a watan Mayu 2014 aka fara ɗaure wani a kan wahaya kanta: dattijo mai shekara 63, a Ƙwanni, shekara 4 da tarar jika 250. Tarar ta ɗara kuɗin da aka sayi Hadijatu da jika 10 kacal. Ita kuwa, duk da hukuncin CEDEAO, duk da lambar yabo, maganar aure kan aure ba ta sauka daga kanta ba. Sai a 2019 kotun ƙoli ta ƙasa ta wanke ta, ta ce abin da ya haɗa ta da Alhajin ba aure ba ne, kuma wahaya ta saɓa wa doka. Shekara 12 ke nan daga ranar da aka rufe ta. Yarinyar da aka haifa a wannan rana ta kai shekarun da aka sayar da ita.

Ranar Asabar na kai maganar zaman ƙungiyarmu, ƙarƙashin bedin da muka saba, ana jiran shayi na biyu. Na tarar ana gardama a kan wata shari'ar Amurka. Ghislaine Maxwell, wadda aka samu da laifi a Disamba 2021 na samo wa attajiri Jeffrey Epstein ƴan mata ƙanana, aka ɗaure ta shekara 20 a 2022. Shi ya mutu a gidan kaso a 2019 kafin a yi masa shari'a. Kowa da abin da ya gani a Facebook da TikTok, kowa yana tambaya ina manyan da suka riƙa zuwa gidajen, me ya sa mace guda ce kawai a rufe. Tambaya ce mai kyau. Na bari suka gaji, sannan na ce wa ya san Hadijatu Mani. Cikin mu tara, biyu suka ɗaga hannu, ɗaya ma ya ɗauka mawaƙiya ce.

Da na ba su labarin, wani ɗan uwa ya ce wannan ai abin Ƙwanni da Illela da Buza ne, mu nan Maraɗi ba mu san shi ba. Na yi shiru, don ban shirya tona gidanmu ba tukuna. Wani ya ce a bi a hankali, addini ya san ƙwarƙwara, sarakuna ma sun ajiye. Wanda ya amsa masa ɗalibin Larabci ne, mai ƙarancin magana. Ya ce babin da ake fakewa da shi yana da sharuɗɗa da ba su wanzu a zamaninmu, kuma bai taɓa karanta inda aka ce ka ɗauki kuɗin gyaɗa ka sayo ɗiyar Musulmi don iyayenta ba su da ƙarfi ba. Ya ce mai yin haka ya san abin da yake gudu, iyakar huɗu yake gudu da nauyin da ke cikinta.

Sai mai karatun shari'a a cikinmu ta kawo abin da ban yi tunani ba. Ta ce ƙofar da Hadijatu ta bi ta rufe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata a ƙarshen Janairu 2025. Amfanin waccan kotun shi ne talaka yana iya kai gwamnatinsa gabanta kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Nan take zaman ya so ya koma siyasa, masu goyon baya da masu suka. Ta ce ita ba wannan ta kawo ba, kowa ya riƙe ra'ayinsa. Abin da take nufi shi ne, yarinyar da za a sa ɗaka bana, idan alƙalin garinsu ya kau da kai, dokar 2003 tana nan, ta 2010 tana nan, hukuncin 2019 yana nan, amma sai an sami wanda zai ɗauke su daga takarda ya kai su ƙofar gidan. Ba wanda zai taso daga Abuja. Mai shayi ya miƙo na uku, ba wanda ya ce komai.

Washegari na tafi Jiratawa. Baba yana cikin garka yana ban ruwa, zogala ta yi kore shar, ƴan sari daga Maraɗi suna ɗaure buhuna a kan babura. Fili ne mai kyau, daga gadon Alhaji ya same shi, rabonsa daidai da na Babana, ba a rage masa ko taki ɗaya ba. Ɗa ɗa ne, haka malamai suka ce ranar rabo. Matan huɗu suka raba tumuninsu. Uwarsa ba ta sami komai ba. Ba ta ma zauna takaba ba, ita ta yi wa masu takaba girki wata huɗu da kwana goma. Ya so ya ɗauko ta ta dawo wurinsa, ta ce ta saba da murhunta.

Ban tambaye shi komai ba, ban san ta inda ɗiya take fara irin wannan magana da ubanta ba. Ɗiyarsa ce, tsarata, ta ja ni bayan rumbu. Bara na ji an fasa aurenta da wani yaro ɗan Maraɗi, aka ce mana taurarinsu ne ba su haɗu ba, ni ma na yarda. Ta ce mini ba taurari ba ne. An kawo kayan tambaya, an sa rana, sai wata gwaggon yaron ta tafi Tibiri binciken asali. Ta dawo da kalma ɗaya.

"Yaya, wai jikar sa-ɗaka. Ni ban ma san mi a ma'anarta ba sai da na tambayi Inna."

Ta faɗa tana dariya irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Yaron ya yi ta kira wata guda, daga baya ya daina.

A kan hanyar dawowa na riƙa jera abin a kaina. Wanda ya saya ya rasu tun kafin a yi doka, ana yi masa addu'a duk Juma'a, sunansa ne a kan ƙofar gidanmu, ni ma shi nake rubutawa a takardar jarrabawa. Ba wanda ya taɓa zuwa bincike ya dawo ya ce kada a auri jikar mai sayen mutane. Kunyar ta tsallake wanda ya yi aikin, ta sauka a kan wadda aka yi wa, ta gangaro har jikarta da aka haifa bayan shekara talatin. Kotun ƙoli tana iya cewa wannan ba aure ba ne, kuma ta faɗa. Amma babu kotun da za ka kai gwaggon da ta yi raɗa a zaure. Mu ma da muke gidan, wa ya hukunta mu? Shekara ashirin da biyu ina shiga Tibiri, ina durƙusa wa Kaka, ina durƙusa wa abokiyar zamanta, ita kuwa daga tsaye nake ce mata sannu. Ba wanda ya koya mini haka da baki. Na ga yadda ake yi ne na bi.

Na koma Tibiri ranar da na san Kaka za ta gidan suna. Na sami Inna tana tsince wake. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Lahiya, ɗiyata? Tashi kak ki ɓata zanenki."

Na ce aikin lakkol ne, ina so in naɗi muryarta. Ta ce ita mi ta sani. Na ce sunanta nake so, na yanka. Ta daɗe tana juya wake a faifai kafin ta faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne, kuma ba ta ba ni don a buga a fotokofi ba. Suna ne na Buzaye, mai daɗin faɗi. Ta ce rabon da a kira ta da shi tun ranar da aka sauke ta daga mota, uwargida ta ce ba ta iya furta shi, a ce mata Baƙuwa kafin a saba.

Na tambaye ta ko tana tuna harshen gidansu. Ta ce ya tafi. Sai kuma ta ɗaga yatsu: "Iyan. Isshin. Karad." Ta tsaya a uku, ta yi ta motsa baki, na huɗun bai zo ba. Na ba ta labarin Hadijatu a taƙaice, har na ambaci Timidria, na ce da harshensu ne, ƴan uwantaka ake nufi. Ta maimaita kalmar sau biyu a hankali.

"Amadray," ta ce. "Ƙane ke nan. Ina da guda. Shina kuka sadda anka tahi da ni, ya biyo mota da gudu."

Na ce mata yanzu akwai doka, wanda ya yi haka ɗaure shi ake yi. Na faɗa da zafi, irin na mai sabon ilimi. Ta ce to madalla, Allah ya kiyaye na baya. Sannan ta ce, "Ni wa za a ɗaure mini? Uban ɗana?" Ban sami amsa ba, har yau ban samu ba.

Na fito da takardar na nuna mata, na bayyana mata kusurwa da da'ira. Na ce zan sa mata layi biyu kamar sauran, ko Kaka ta so ko ta ƙi. A zatona alheri zan yi mata. Ta girgiza kai.

"A'a. Ba a ɗaura ba. Ko dala ba a ba ni ba. Kak ki rubuta ƙarya don ki hwaranta mini."

Abin da alƙalin farko na Ƙwanni ya faɗa a 2006, abin da kotun ƙoli ta maimaita a 2019, shi ta gaya mini a bakin murhu, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Da na ja layin nan, da na yi irin abin da Alhajin Hadijatu ya yi: in sauya sunan abu don ya daina damuna.

Sai na tambaye ta abin da takardar ba ta tanada ba. Duk matan Alhaji na zana musu iyaye a sama, Kaka har kakanninta na Gobir ta lissafo mini. Na ce, "Inna, wa ya haife ki?" Ta faɗi sunan ubanta. Ta faɗi na uwarta. Ta faɗi na ƙanen nan, da na wata yaya da aka kai wani gari kafin ita, da sunan rijiyar da suke shayar da bisashen ubangidansu. Na zana da'irarta, na rubuta sunanta na gaskiya a ciki, na ja layi sama zuwa iyayenta, na ja ƙasa zuwa Baba na Jiratawa da ƴaƴansa. Tsakaninta da Alhaji na bar fili, na rubuta a gefe da ƙaramin rubutu: an saye ta, 1974. Takarda ta cika har sai da na liƙa wata.

Da Baba ya ga zanen a gida ya yi fushi, ya ce ba a aike ni Yamai don in tona asirin matattu ba. Kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. A na uku ya kira ni ya ce in sake faɗa masa sunan, ya maimaita shi, ya ce shekara hamsin tana ba shi abinci bai sani ba. Bai ce in yaga takardar ba, bai kuma ce in kai ta ba. Ɗiyar Baba na Jiratawa ta ce in yi mata kofi guda, tana so ta riƙe sunayen, ko da wani ya sake zuwa tambayar asali ta sami abin da za ta lissafa masa. Na cire sunaye na rubuta wannan, na kuma gaya wa Inna zan rubuta. Ta ce in dai ba a sa hotonta ba.

Ƴan uwana, da yawanku kun fito daga manyan gidaje irin namu, a Maraɗi ko Tibiri ko Madarunfa ko Tasawa. Idan kun koma hutu ku duba bakin murhu. Wataƙila babu kowa, alhamdu lillahi. Wataƙila kuma akwai wata tsohuwa da ake kira da sunan da ba suna ba, ko wata yarinya da aka ce an kawo ta riƙo daga arewa, ba ta zuwa lakkol, ba wanda yake zuwa ganinta. Ta farkon ku tambaye ta sunanta. Ta biyun kuwa lokaci bai ƙure mata ba, kuma dokar da aka yi shekarar da aka haifi yawancinmu saboda ita aka yi ta.

Ranar da zan koma Yamai na biya Tibiri sallama. Na durƙusa wa Kaka, na juya na durƙusa wa Inna, na ce mata Kaka ita ma. Kakata ta taɓe baki ta ce yau kuma kakanni biyu gare ni a gida guda, Allah ya ba ni abin yi musu tsaraba. Inna ba ta ce komai ba. Ta rako ni har zaure da ƙullin ƙuli-ƙuli a leda, ta leƙa baya ta ga ba mai jin ta, sannan ta ce:

"Kishiya, ki gaida mutanen Yamai."